Ƙirgen Mai Nutso

Ranar da Malama ta tsayar da ni a tsakiyar darasi, saura sati uku a yi mana jarrabawar ƙarshe.

Mu tara ne muke koyon koyar da yoga, wato motsa jiki da sarrafa numfashi, a wurinta, dukanmu mata, a wani ɗaki mai faɗi da ke saman shagon gyaran firji. Wata takwas muna hawa matakalar nan kowace safiya, kowacce da tabarmarta ta roba a naɗe a hammata. Ɗakin ba shi da komai sai dogon madubi ɗaya, da fanka mai ƙara kamar tsoho na gyaran murya, da 'yar ƙararrawar tagulla da Malama ke ajiyewa kusa da gwiwarta. In ta kaɗa sau ɗaya, an fara ko an gama lafiya. In ta kaɗa sau biyu, wata ta yi kuskure.

Ran nan ni ce a gaba. An ba ni minti ashirin in ja 'yan'uwana darasin numfashi: a shaƙa ana ƙirga huɗu, a riƙe huɗu, a saki a shida. Nan ne nake ganin babu mai kamo ƙafata. Tsayuwa a ƙafa ɗaya takan ba ni wahala, lanƙwasa baya kuwa sai a hankali, amma numfashi? Na naɗe ƙafa, na lumshe ido, na fara ƙirge cikin natsuwa.

Ban kai zagaye na biyar ba na ji ƙararrawa sau biyu.

Na buɗe ido. Nas, ƙawata da ke zama a layin gaba, jijiyoyin wuyanta sun tashi, tana haki kamar wadda ta biyo mota da gudu. Biyu a baya sun riga sun saki, suna kallon silin.

Malama 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya ko da wasa. Ta dube ni ta ce, "Wa kike ƙirga wa?"

"Su, Malama."

"A'a. Na duba ɗakin nan kaf, ban ga mai huhun da kike ƙirga wa ba. Huɗunki ta kai takwas ɗin sauran mutane."

Nas ta dafe ƙirji ta ce, "Ni fa har na fara hango kakata da ta rasu tana yafito ni. Ke, in kashe mu za ki yi, ki bari mu karɓi takardar shaidar tukuna."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ta fatar baki ce. Domin na san wa nake ƙirga wa.

Maigidana mai nutso ne. Walda yake yi a ƙarƙashin ruwa, yana liƙe cikin manyan jiragen ruwa. A lif ɗin asibiti muka haɗu, ranar da ya maƙale da mu tsakanin hawa na uku da na huɗu. Tun rasuwar babana nake fama da wani abu da ke shaƙe ni in na ji ni a rufe. Ƙirjina ya ƙulle, iska ta ƙi shiga. Na zame na zauna a ƙasa ina jan wuyan rigata. Sai wani dogon mutum mai tabon ƙuna a bayan hannu ya durƙusa nesa kaɗan da ni ya ce, "Kar ki kalli ƙofar. Kalli hannuna." Ya riƙa ɗaga hannun a hankali yana saukewa, yana ƙirge. Kafin a buɗe mu minti goma sha biyar ne, amma na fito na bar zuciyata a hannun nan mai tabo. Na karanta littattafan soyayya da ba su ƙirguwa, na ga an haɗu a lambu, an haɗu a bakin kogi, ban taɓa ganin an haɗu mace na zaune a ƙasa da majina a hanci ba. Namu haka ya zo, kuma ba zan musanya shi da na kowa ba.

Watanmu bakwai da aure aka kira shi aikin shekara biyu a teku. Safiyar da zai tafi, ya karɓi wayata ya zauna a kicin ya ɗauki muryarsa, minti goma sha ɗaya, ba komai a ciki sai ƙirge. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ana jin butar shayi tana tafasa a farko, a minti na bakwai kuma ana jin tarin Inna, mahaifiyarsa, daga ɗakinta. Ya ce, "In abin ya taso miki, ga ni nan."

Wata goma sha huɗu ke nan. Inda suke waya ba ta kamawa sai jirgi ya matso gaɓa, wani lokaci sati uku ban ji daga gare shi ba. Don haka kullum da safe, kafin in sa komai a bakina, nakan jingina wayar da filo in zauna mu yi numfashi tare. Da farko ba na iya binsa, nakan yanke a hanya. A hankali huhuna ya buɗe, ya miƙe, har ya kai nasa. Daga nan ne na fara zuwa yoga, daga nan kuma na ce masa a wani saƙo: in ka dawo, malama za ka tarar. Ya aiko da dariya da alƙawarin shi ne ɗalibina na farko a gida.

Bayan an tashi, Malama ta ce in tsaya. Tana naɗe tabarmarta na gaya mata komai. Ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, "Mutumin da ke aiki a ƙasan ruwa, ƙirgensa na ƙasan ruwa ne. Ranar jarrabawa mata goma zan hawo miki da su daga titi, waɗanda ba su taɓa zama a tabarma ba. Ƙa'idata kin san ta: malama ba ta rufe ido, kuma da numfashin mafi rauni a ɗakin take ƙirge. In mutum ɗaya ta saki saboda ke, kin faɗi, sai baɗi. Ajin safe na Litinin da na yi niyyar ba ki, sai in ba wata."

"To me zan yi, Malama?"

"Ba zan ce ki goge muryarsa ba, ni ba muguwa ba ce. Amma daga yau har ranar, kar ki saurara. Ki nemi mai gajeren numfashi a cikin mutanenki, ki zauna kusa da ita ki koya."

Na sauko matakalar ina jin kamar an ce in sake raka shi tasha.

Safiyar farko na tashi na rasa inda zan sa kaina. Na jingina wayar da filo kamar kullum, na zauna ina kallonta. Ɗakin ya yi mini girma. Rigarsa ta aiki tana rataye a bayan ƙofa, ta daɗe da daina ƙanshinsa, amma na tashi na shinshina duk da haka. Ashe ba don shaƙewar nake saurarensa ba, wannan ta rabu da ni tuntuni. Ina saurare ne don minti goma sha ɗaya a rana ina da miji a ɗaki.

Mai gajeren numfashi kuwa ba sai na je nesa ba. Inna ta yi shekara talatin a masaƙa, ƙurar auduga ta cinye mata huhu. In ta taso daga ɗakinta zuwa kicin sai ta dafa bango sau ɗaya. Da yamma na same ta a falo tana tsintar shinkafa a faranti, na durƙusa na faɗa mata buƙatata.

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ni da nake numfashi tun kafin a haifi uwarki, ke za ki koya mini?"

"Ba koya miki zan yi ba, Inna. Ni zan koya a wurinki."

"Oho. Wato an rasa abin gwaji, sai tsohuwa. To ki ji da kyau, amarya: ba zan zauna a ƙasa ba, ba zan ɗaga ƙafa sama ba, kuma wandon nan naku mai kama jiki ko a mafarki."

"A kujerarki za ki zauna."

"In na mutu ki gaya wa mijin naki ke ce."

Har yau amarya take ce mini, ta ce sai ya dawo za ta sauya mini suna.

Muka fara. Na jawo 'yar kujera kusa da ita, na ɗora tafin hannuna a bayanta, tsakanin kafaɗu. Ina buɗe baki idona ya rufe da kansa. Ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Barci kika zo yi?"

Na buɗe ido na kalle ta, irin kallon da ban taɓa yi mata ba duk zamanmu. Numfashin Inna ba ya tafiya a miƙe. Yakan shiga kaɗan, ya tsaya kamar mai neman izini a bakin ƙofa, ya ƙara shiga kaɗan, sannan ya fita da wani siririn fito. Kafaɗarta ta hagu takan riga ta dama tashi. In ta kusa ƙurewa, yatsunta sukan kama bakin zanenta. Na ƙirga mata biyu, ba riƙewa, ta saki a uku. Bakina ya riƙa jin ƙirgen kamar takalmin da ya matse ni. Kullum ina so in ja shi, kullum yatsun nan suna hana ni.

Haka muka yi kwana tara. Ranar ta goma saƙonsa ya shigo da sassafe, layi biyu kawai: jirgi ya matso gaɓa na awa ɗaya, yana lafiya, a gaida Inna. A ƙarshe ya rubuta, "Har yanzu muna numfashi tare?" Kafin in gama rubuta amsa wayarsa ta sake ɗaukewa.

Ban iya daurewa ba. Na jingina wayar da filo na danna. Butar ta fara tafasa, muryarsa ta cika ɗakin, mai kauri, mai sanyi, ba gaggawa. Na yi kuka daga ɗaya har ƙarshe, sannan na sake sakawa.

Da yamma na zauna kusa da Inna na fara ƙirge. A zagaye na uku tari ya sarƙe ta, mai tsanani, har idonta ya kawo ruwa. Na ruga na kawo ruwa da abin shaƙarta, ina shafa bayanta ina ba ta haƙuri. Da ta dawo daidai ta goge baki da gefen mayafi ta ce, "Yau kin saurare shi."

Na sunkuyar da kai.

"Ba tambayarki nake ba. Na ji. Sau biyu ma." Ta nuna bangon da ya raba ɗakina da nata. "Bangon nan ai kwali ne. Kin ɗauka ke kaɗai kike tashi da shi? Wata goma sha huɗu ina kwance ina jin yaron nan yana ƙirge. Har tarina nake ji a ciki, in ce kai, tsohuwar nan ba ta da kara. Da kika daina, na ɗauka wayar ce ta lalace. Kwana tara ina jin kunyar tambaya."

Ban san lokacin da na kifa kaina a cinyarta ba. Ta bar ni kaɗan, sannan ta ɗan buge ni a kafaɗa.

"Tashi, kar ki jiƙa mini zane. Bari in gaya miki abin da bai gaya miki ba, don maza ba sa faɗin irin wannan. Mijin nan naki da kike gani kamar kifi, da ciwon ƙirji ya taso. Yana shekara biyar in abin ya motsa, sai ya yi shuɗi a hannuna. In dawo daga masaƙa ko hannu ban wanke ba, in kwantar da shi a cinya, in sa hannu a bayansa kamar yadda kike sa mini, in ƙirga. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Ko uku ba ya kaiwa. In na ja masa ya ƙara shaƙewa, sai dai in bi shi a inda yake. Shekara nawa muka yi a biyu kafin ya kai uku." Ta numfasa, fiton nan ya fita. "Wannan doguwar huɗun da kike ɗauka a ka kina yawo da ita, a cinyata ta fara, kuma 'yar guntuwa ce."

Na tuna lif. Na tuna hannun nan yana hawa yana sauka. Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: ran nan ba ƙirgen teku ya yi mini ba. Gajere ya yi, da sauri-sauri, daidai hakina, idonsa a kaina. Wanda ya bar mini a waya kuwa shi kaɗai ya zauna a kicin ya yi shi, ba kowa a gabansa da zai kalla.

Sauran kwanakin ban sake dannawa ba. Ba wai kewar ta ragu ba. Ƙaruwa ma ta yi, ta koma wani abu da nake ɗauke da shi a ƙasan haƙarƙari duk inda na je. Amma da safe maimakon in zauna ina kallon waya, sai in ƙwanƙwasa wa Inna, mu zauna a bakin gadonta taga a buɗe. A tashar mota na fara kallon kafaɗun mutane. A layin kanti na san wadda ta hawo tudu da wadda ranta yake ɓace. Nas ta ce na zama mayya, ina kallon ƙirjin mutane kamar mai shirin saye.

Ranar jarrabawa Inna ta riga ni shiryawa. Na ce matakala ashirin da biyu ce. Ta ce, "Na tambaye ki?" Sau uku muka tsaya a hanya, mai gyaran firji ya biyo mu da kujerar roba. Malama ta dube ta ta dube ni, ta ce goma ta zama goma sha ɗaya, ba laifi.

Matan suka zazzauna, wasu a tabarma wasu a kujera, ana ta gyara mayafi ana 'yan dariyar kunya. 'Yan ajinmu suka jeru a jikin bango. Ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya.

Na gaishe su, na ce kowa ta sa hannu a cikinta. Idona ya tafi kan Inna kai tsaye, don ƙirgenta na haddace, na san shi kamar tafin hannuna. Na buɗe baki zan fara, sai na hango wata a can kusurwa, bayan kowa. Yarinya ce ba ta fi ni ba, da tsohon ciki, ta zauna a takure. Kafaɗunta suna hawa da sauka da sauri, ta kafe ƙofa da ido. Na san kallon nan. Na taɓa yi wa ƙofar lif irinsa.

Inna, bayan sati uku, ta kai uku. Wannan ko biyu ba ta da ita.

Na tashi daga gaba, abin da ba a saba yi ba, na ratsa tsakanin tabarmi na je na durƙusa nesa kaɗan da ita, inda kowa zai iya ganina. Na ce, "'Yar'uwa, kar ki kalli ƙofar. Kalli hannuna." Na ɗaga shi daidai shigar iskarta, na sauke daidai fitarta. "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu." Na ce wa sauran, "Mai dogon numfashi ta yi haƙuri ta jira mu, za mu iso."

Ban san minti nawa muka yi a biyu ba. Fanka tana ta gyaran murya, a ƙasa ana buga ƙarfe. A hankali yatsunta suka saki gefen tabarma. Fitar iskar ta ƙara tsawo da kanta, na bi ta zuwa uku. Na waiga na duba sauran ɗaya bayan ɗaya: ba wadda ta saki, ba mai haki. Inna ta lumshe ido, kafaɗarta ta hagu na riga ta dama, bakinta yana motsi. Tare da ni take ƙirgawa.

Ba mu kai huɗu ba har lokaci ya cika. Na zauna ina jiran ƙara biyu, don a takardar darasi huɗu aka rubuta.

Ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya.

Malama ta tashi tana naɗe tabarma, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Litinin ƙarfe bakwai. Ki zo da wuri, makullin yana wurin mai firji." Nas ta rungume ni ta baya tana cewa yau kakarta ba ta leƙo ba.

Da muka koma gida Inna ta zube a kujerar kicin ta ce ƙafafunta sun yi yaji, kada wanda ya sake ambata mata matakala. Na ɗora buta a wuta. Na ajiye wayar a tebur tsakaninmu na ce, "Inna, mu aika masa namu."

"Da wannan fiton nawa?"

"Da shi."

Na sa hannu a bayanta, na danna, na ƙirga mata uku, ta saki a huɗu. Minti goma sha ɗaya cif. Butar ta tafasa a ciki. Wajen ƙarshe ta yi tari, ta ce, "Ka ji, har yanzu ba ni da kara," na bar shi a ciki. A ƙasa na rubuta masa: Na ci. Muna numfashi tare, amma yanzu kai za ka biyo mu.

Saƙon ya tafi ya tsaya da alama ɗaya, wato bai isa gare shi ba. Yau kwana shida, har yanzu ɗaya ce. Jirgin yana can tsakiyar ruwa. Da safe kafin in tafi aji nakan buɗe ƙofar ɗakina da ta Inna duka biyu, in sa muryarsa a tsakiyar falo. Ba ma binsa, ni da ita. Muna shan shayi ne kawai muna jinsa yana ƙirge, ita tana gyara masa, wai ya cika ja. Sannan in duba wayar sau ɗaya, in naɗe tabarmata, in fita. Saura wata tara da kwana huɗu.